Yau na zaga da Kawu layin dogo

Asabar. Kawu ya iso Zariya daga Legas jiya da daddare, yau kuma muna gama karin kumallo ya ce in ajiye duk wata sabga in kai shi tashar jirgin ƙasa. Ni fadar Mai Martaba da Ƙofar Doka na tsara masa, yadda muka saba yi wa kowane baƙo. Ya ce, "Ɗana, waɗannan ba inda za su. Fara kai ni inda ƙarfe yake."

Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur, har da tasha da gada da itatuwa. Awon da yake bi ana ce masa HO, wato a rage girman komai sau 87. Ya zo da tarago ɗaya a aljihun riga, a naɗe cikin hankici. Bai wuce tafin hannuna ba, amma ƙofarsa tana jawuwa gefe.

A tashar Sabon Gari sai da muka gaida ma'aikata muka nemi izini. Daga nan Kawu ya tattare riga ya tsuguna, ya zaro tef ya auna tsakanin ƙarafan dogo: milimita 1,067. Ya ce nan ne masu sha'awar irin tasa suke tuntuɓe. Layin HO da ake sayarwa faɗinsa milimita 16.5 ne, kuma yana wakiltar faffaɗan dogo mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wanda zai kwaikwayi tsohon layinmu sai ya nemo mai milimita 12. "In ka ɗora jirgin Zariya a kan faffaɗan layi, ko ba wanda ya gane, kai ka san ba Zariya ba ce."

Muna zaune a inuwa ya warware mini abin da nake takawa kullum. Layin da ya taso daga Baro ya ratsa nan ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja wani ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne siririn layin da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos har Bukuru domin kwaso kuza, faɗinsa milimita 762 kacal. An gama shi a 1914, aka rufe a 1957. Shi yake son ginawa a teburinsa, da layi mai milimita 9. Sabon Gari kanta dogo ne ya haife ta: ma'aikatan reluwe, da 'yan kudu, da kamfanonin auduga da gyaɗa, har unguwar PZ ta ci sunan ɗaya daga cikinsu.

Kallonsa ne ya fi burge ni. Ya daɗe a kan launin tsatsar wani tsohon tarago, yana cewa ja uku ne a wurin, ba ɗaya ba. Ya ɗauki hoton sandar da ake juya layi da ita, da ciyawar da ta tsiro cikin tsakuwa, da yadda kwanon rufi ya lotsa. Ya sa na ɗebo masa jar ƙasa a leda, zai tankaɗe ta ya manna a gefen layinsa, don babu fentin da ke ba da wannan launi. A ganina tarihi irin wannan ya cancanci ɗaki guda a garin nan, inda 'yan makaranta za su zo su ga taswira da hotuna da ƙaramin jirgi yana zagayawa.

Bayan azahar muka ci masa da miyar taushe a Tudun Wada, muka shiga birni. Can ma da idon magini ya shiga. Zankwayen soraye ya tsaya zanawa a littafinsa, da bakan gizon tsohon masallacin Juma'a da shahararren magini Babban Gwani ya gina, yana lissafin yadda zai fitar da su da yumɓu. Kufena daga nesa muka hango shi, gwiwarsa ba ta hawan dutse yanzu, amma ya ce shi zai sa a bayan tasha.

Da yamma yaran gida suka yanyame shi saboda taragon nan. Ya bar kowa ya riƙe, sannan ya tambaye su wa ya iya motar kara. Ba ko ɗaya. Nan take ya aika aka samo karan dawa da reza, ya feɗe ɓawon, ya yanka totuwar ya yi tayoyi. Kafin magariba sun haɗa kan jirgi da tarago biyu, suna ja da zare a tsakar gida, ƙaramarsu ce mai busa usur.

Gobe in Allah ya kai mu za mu tashar Rigasa da ke Kaduna ya ga faffaɗan layi da idonsa. Ya ce in tuna masa da tef, kuma mu fita da sassafe.