Abin da Kubbar Fulorans Ta Koya Mini

A shekarata ta biyu a sashen zanen gine-gine, malaminmu ya tura mu auna wani tsohon zauren ƙasa. Kwana uku muna jan tef cikin ƙura, muna rubuta kaurin bango da tsayin bakan gizon da ke ɗauke da rufin. Raina bai so ba, don a ganina sabon abu na zo ƙirƙirowa.

A zangon ne muka shiga tarihin farfaɗowar ilimi da fasaha a Turai, wadda ta faro daga Italiya, na ci karo da Filippo Brunelleschi, wanda ya gina kubbar babbar majami'ar birnin Fulorans na ƙasar. An aza harsashin majami'ar a 1296, amma bayan fiye da shekara ɗari tsakiyarta na nan a buɗe, faɗin wajen mita 45. Magina sun saba kafa tokaren katako su ɗora kubba a kai har ginin ya kama, ga shi wannan faɗin ya fi ƙarfin katakon da za su iya samu.

Shi kuwa Brunelleschi maƙerin zinariya ne. Da aikin ƙofofin tagulla da aka yi gasarsa a 1401 ya faɗa hannun Lorenzo Ghiberti, sai ya nufi birnin Roma. Marubutan tarihinsa sun ce shi da masassaƙi Donatello sun yi ta tone-tone da awo a kangayen mutanen da, har jama'a suka ɗauka dukiyar da aka binne suke nema. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe aikin da nake rainawa shi wannan gwani ya duƙufa a kai.

A 1420 ya soma kubbar. Ya yi ta ruɓi biyu, ciki da waje, don rage nauyi, ya sa aka jera bulo a karkace kamar ƙayar kifi, kowane zagaye na riƙe kansa kafin a ɗora na sama. Aka rufe ta a 1436 ba tare da tokare daga ƙasa ba.

Da hutu ya zo na koma zauren ni kaɗai, na sami tsohon maginin unguwar. Na ce, "Baba, yaya azara ke lanƙwasa haka ba ta karye ba?" Ya ɗauko guntayen kara ya nuna mini a ƙasa: azarar a miƙe take, gajeru ake ɗorawa hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa. Na cika shafi shida kafin a kira la'asar.