Abin da kaɗin zare da lantarki ya koya mini

Watannin farko da na yi a ɗakin bincike, idona yana kan kyawun zare a hoto kawai. Aikinmu shi ne kaɗin zaren furotin da wutar lantarki: a narkar da jelatin (furotin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi), a zuba a sirinji, a haɗa bakin allurar da wuta mai ƙarfin kilobolt 15 zuwa 20, sai ɗigon ya miƙe ya yi tsini, siririn zare ya fita yana bushewa a iska har ya sauka kan farantin ƙarfe, ya taru ya zama saƙar da za a shuka ƙwayoyin jiki a kanta don su gina naman da zai cike rauni. Dabarar ba sabuwa ba ce, Anton Formhals ya yi rajistarta tun 1934. Abin da ya jawo mu gare ta shi ne kaurin zaren, 'yan ɗaruruwan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kusan daidai da zaren kolajin, furotin ɗin da ƙwayoyin jikinmu suke kwanciya a kai.

Na sha wahala kafin in samu zare sumul. Ruwan ya cika tsinkewa, zaren ya fito da ƙulle-ƙulle. Ya cika kauri, allura ta toshe. Danshin iska kaɗai kan ɓata aikin yini guda, shi ya sa na fara rubuta shi a littafina kowace safiya. Ranar da na ga saƙata tsaf a madubin ilektiron, na'urar da ke girmama hoton ƙananan abubuwa, na ɗauka na gama.

Da na tsoma ta a ruwan renon ƙwayoyi mai zafin digiri 37, narkewa ta yi. Jelatin ne, halinsa ke nan. Dole a ɗaure zaren da junansu, sai na turara ta da gulutaraldehaid, wani sinadari mai ɗaure furotin. Wannan karon ta tsaya, amma ƙwayoyin da na shuka a kanta suka mutu, saboda ragowar sinadarin guba ne kuma ban wanke ta sosai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don makonni aka yi ana renon waɗannan ƙwayoyi. Daga baya na koma jenifin, wani sinadarin ɗauri da ake samu daga tsiro, wanda gubarsa ba ta kai ta wancan ba, ko da yake yana rina saƙar shuɗiya.

Matsalar da ta fi damuna ita ce ta ƙofofi. Zaren da ya fi siriri, wanda ya fi kyau a hoto, shi ne yake cushewa har ramukan da ke tsakani su yi wa ƙwaya kaɗan. Sai ƙwayoyin su bazu a sama su kasa shiga ciki, alhali naman da zai cike rauni yana bukatar su ratsa ko'ina, jijiyoyin jini su biyo baya. A ganina an fi yawan nuna hoton saman saƙa fiye da yadda ya kamata.

Yanzu kowace saƙa na yi, nakan yanka ta a tsaye bayan mako ɗaya da shuka, in rina, in auna zurfin da ƙwayoyin suka kai kafin in taɓa lissafin kaurin zare.