Tsuntsayen da suka zubo daga sama, da waɗanda suka mutu shiru

Ƙanwata ce ta turo min bidiyon da daddare, da saƙo a ƙasa: "Yaya, ka ga wannan? Anya ba alamar tashin duniya ba ce?" Kyamarar tsaro ce ta ɗauke shi a garin Cuauhtémoc na ƙasar Meziko, a watan Fabrairun 2022. Titi shiru, ba kowa. Sai ga wani abu kamar baƙin hadari ya rikito ya lulluɓe rufin gida da titi. Ashe tsuntsaye ne, ɗaruruwa. Kafin ƙiftawar ido yawancinsu sun sake tashi, saura na nan warwatse a kan kwalta.

Na kalla ya fi sau goma, kuma waɗanda suka tashin su suka tsaya min a rai. Da guba suka ci, ai ba za su faɗo a lokaci ɗaya sannan su miƙe garau ba. Masana tsuntsaye sun fi karkata ga cewa shaho ne ko wani ɗan'uwansa ya kawo musu bara daga sama. Suka dunƙule suka yo ƙasa a guje, na sama suka danne na ƙasa, na ƙasa suka daki kwalta.

Haka ma aka yi a Beebe, wani ƙaramin gari a jihar Arkansas ta Amurka, a daren shiga shekarar 2011. Baƙaƙen tsuntsaye masu ja a fiffike wajen 5,000 aka tsinta a tituna da harabar gidaje. Da likitocin dabbobi suka feɗe su, ba su ga guba ba, sai jini da ya taru a ciki, irin na wanda aka buga da abu mai ƙarfi. Ƙarar wasan wuta ce ta tashe su daga bishiyoyin da suke kwana, su kuwa ba sa gani sosai da dare. Suka yi ta karo da gidaje da motoci.

Ban sha wahalar yarda da wannan ba, don na taɓa ɗaukar irinsa da hannuna. Wata safiya na ji "tim" a gilashin taga. Na fita na tarar da ɗan tsuntsu a ƙasa, jikinsa da ɗumi, ba jini, ko gashi ɗaya bai tuje ba, wuyan ne kawai ya langaɓe. Wanda bai ji ƙarar ba, rantsuwa zai yi cewa haka kawai ya faɗo. To ka ninka wannan sau dubu: a watan Oktoban 2023, tsuntsaye kusan 1,000 masu ƙaura suka mutu a rana ɗaya a jikin gilasan ginin McCormick Place da ke Chicago. Hasken fitila na ruɗa mai tafiyar dare, gilashi kuma tsuntsu bai san da shi ba. Ko ƙauyen Jatinga na Indiya, da aka daɗe ana cewa tsuntsaye na zuwa su kashe kansu, labarin ke nan: dare ba wata, ga hazo, ga fitilu.

Ni dai waɗannan ba su ne suka fi tayar min da hankali ba. Masu mutuwa shiru sun fi yawa, sai dai ba wanda ke tura bidiyonsu. A ƙarshen 2019, tsuntsaye sama da 18,000 suka mutu a tafkin Sambhar na Indiya, sanadin dafin wata ƙwayar cuta da ke yaɗuwa a ruɓaɓɓen laka, tana shanye musu ƙafa da wuya. A shekarar ce aka tsinci ungulu 537 a Botsuwana, sun ci mushen giwayen da aka barbaɗa wa guba, don shawaginsu na tona asirin ɓarayin hauren giwa. A Indiya kuwa, maganin ciwon jiki mai suna diclofenac da ake ba shanu ya kusa ƙarar da ungulu, yana lalata musu ƙoda in sun ci mushen, har aka hana ba dabbobi shi a 2006. Ga murar tsuntsaye, wadda ta kashe kwasakwasa kimanin 750 a gandun Djoudj na Senegal a farkon 2021. Ga yunwa: waɗanda suka zube a jihar New Mexico ta Amurka a Satumban 2020 an same su a rame ƙashi da fata, sanyin bazata ya ƙarasa su.

Duk na rubuta wa ƙanwata wannan, dogon saƙo har yatsana ya gaji. Da safe ta amsa: "To Yaya, ina shahon? Ni ban gan shi a bidiyon ba." Na ce mata kyamarar titi take kallo, ba sama ba.