'Yancin 1861 da bashin shekara 49

Masu yabon Sarki Alekzanda na Biyu kan 'yanta manoman Rasha a 1861 su duba sharuɗɗan tukuna. Mutum kusan miliyan 23 sun fita daga hannun iyayen gidansu, amma gona ba kyauta aka ba su ba. Gwamnati ta biya masu ƙasa yawancin kuɗin gonar da takardun lamuni, manomi kuma ya riƙa biyan gwamnati kashi 6 cikin ɗari na wannan bashin duk shekara har shekara 49. A yankunan ƙasa mai albarka an yanke musu filaye, masu gida suka riƙe makiyaya da daji da mashaya, sai ka yi haya kafin ka kai saniyarka ruwa.

Babban cikas a lokacin shi ne gonar ta taron ƙauye ce, wato mir. Ana sake rabonta lokaci-lokaci, 'yan sirara a warwatse. Wa zai zuba taki a gonar da gobe za ta koma hannun maƙwabci? Idan wani ya kasa biya, ƙauye duka ke ɗauka.

Bayan boren 1905 aka soke bashin daga 1907. Dokar Firaminista Stolypin ta 1906 ta ba manomi damar ware gonarsa, shi kuma Stolypin aka harbe shi a Kiev a 1911.