Girar da aka zana da allura ba ta fita da gaggawa

Kwanakin nan tambaya ɗaya ce ke ta shigo min a WhatsApp, daga unguwannin Birni da Zango a nan Damagaram, har da wata daga garin Mirya: "Anti don Allah na yi zanen gira na allura kuma yanzu ba na so, wai asid gilikolik yana goge shi?" Tunda gyaran jikin amare ne sana'ata to ni ake kamawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta.

Abin da ake kira mikrobiladin ɗin nan ba jagira ba ne, kuma ba lalle ba ne. Lalle a fatar sama yake zama, wadda dama mutuwa take tana zubewa, shi ya sa sati biyu uku ya tafi. Shi kuwa wannan, wasu ƙananan allurai ne a jere ake tsaga fata da su a cusa launi a ƙarƙashi, kusan aikin wanzami ne dai sai dai an sa masa suna mai daɗi. Masu yi suna cewa shekara 1 zuwa 3 zai dushe, eh yana dushewa, amma ba su cika faɗa miki cewa launin haɗi ne ba, akwai mai sinadarin tsatsar ƙarfe akwai baƙi irin na gawayi, wani ya riga wani tafiya, sai ki wayi gari girarki ta koma ruwan goro ko toka-toka mai shuɗi. Wata kuma tun ranar farko aka karkace mata, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wata wa'azi ta ji kan hadisin masu zane a jiki hankalinta ya tashi. Ko ma mene dalilinki dai fatar iri ɗaya ce.

To shi asid gilikolik, asalinsa ana samunsa a jikin rake, aikinsa ya sassauta matacciyar fatar sama ta zube da wuri sabuwa ta fito. Ita kanta mai zanen in ta san aikinta za ta ce kar ki bari ya taɓa girar don yana sa ta koɗewa, daga nan ne ma mutane suka ɗauko maganar. Kenan akwai gaskiya a ciki. Amma ku lura, shi a sama yake aiki, launin kuwa yana ƙasa, don haka wanda ake shafawa a gida mai kashi 5 zuwa 10 cikin 100, irin na kamfanin The Ordinary ɗin nan mai kashi 7, abin da zai miki shi ne ya rage kaifin launin a hankali cikin watanni, ba wai ya share shi tas ba. In an zurfafa allurar kuwa wallahi ko kwalba nawa kika ƙarar canjin kaɗan ne.

In za ki gwada, ki bari ciwon ya warke tukuna, kamar sati 6. Da dare ake shafawa, da ɗan tsinken auduga, kan girar kawai, ki fara da sau biyu a sati ki ga yadda fatarki za ta karɓa, kuma kar ya gangaro ido. In ya fara zafi mai tsanani ko wurin ya yi ja ki wanke ki huta. Sai maganar rana, wadda ita ce tamu a Damagaram. Asid ɗin yana sa fata ta kasa jure rana, har kusan sati ɗaya bayan kin daina, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi ya wuce digiri 40, ki hau kabu-kabu zuwa kasuwar Dole da tsakar rana, hijabi ya rufe ko'ina amma goshi da gira suna waje. Dole man kare rana mai SPF 30 ko sama, in ba za ki saya ba to ki bar asid ɗin ma.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne masu ƙarfin nan, kashi 30, 50, har 70, da ake tallarsu a Facebook ko a kawo a ƴar kwalba babu ko takarda. Waɗannan na hannun likitan fata ne, shi ma da agogo yake sawa, mintoci kaɗan ya kashe ƙarfinsa ya wanke. Baƙar fata in ta ƙone baƙin tabo take bari, wanda zai iya kai watanni ko fiye, wata kuma jikinta mai tabon nan ne da ke kumbura ya yi tsiro, ki duba hujin kunnenki ko tsohon ciwo za ki gane ko kina cikinsu. Masu shafe-shafen bilicin kuma ku yi haƙuri in faɗa, fatarku ta riga ta yi siriri, ku ne za ku fi ƙonewa.

Akwai wata hanyar da ake yi a wasu salon, a sake bin zanen da allura amma maimakon launi a sa ruwan gilikolik ko na gishiri, wurin ya yi ɓawo, in ɓawon ya faɗi ya tafi da wani launin. Wannan ta fi shafawa aiki sosai, sai dai ciwo ne sabo ake miki, ana maimaitawa sau da dama da tazarar sati 6 zuwa 8, kuma ba a ɓamɓare ɓawon komai ƙaiƙayi. Ki tabbata a gabanki aka buɗe sabuwar allura, ciwon hanta da sida ta allura suna shiga, ba ruwansu da kwalliya.

Leza kuma, wato na'urar da ke goge zane da haske mai ƙarfi, in kin samu hali kin je wurin likita, akwai wadda ta fi dacewa da baƙar fata mai suna Nd:YAG 1064, amma ki sa a gwada ɗan wuri tukuna, don launin da ke da tsatsar ƙarfe ko farin sinadarin titaniyom yana iya rikiɗa ya yi baƙi wuluk da zarar hasken ya taɓa shi, musamman jan da ake sawa a leɓe. Wadda aka zana wa kwallin dindindin a bakin ido kuwa, kar ma ta yi tunanin asid, wannan sai likita.

Amare ne suka fi matsa min, a zo saura wata ɗaya biki a ce Anti ki cire min. Ba na taɓawa. Konsila nake sawa in rufe, in bi da hoda, in zana sabuwa da jagira a sama, ta yi kyau a hoto a sha biki, maganar gogewa sai an tare an natsu, in son samu ne ma a bari sai zafi ya sauka.