Daga umra na ɓuge a bargar dawaki a Ɗa'ifa

Umra ce ta kai ni Saudiyya amma tunda na dawo Kano labarin da na fi ba mutane shi ne na wata bargar dawaki a bayan garin Ɗa'ifa. Ɗan kawuna haifaffen Makka ne, can wajen Shara Mansur suke, duk Asabar yana zuwa aikin sa-kai a wurin, shi ne ya ce "Yaya taso mu je ka ga dawakan da ba sa hawan sallah." Da yake yanzu bizar umra tana bari ka shiga wasu garuruwan sai na bi shi.

Hanyar Hada muka bi, kwana kan kwana ana hawa dutse, birai jere a bakin titi suna jiran a jefa musu abinci, ɗaya har ya dafe mana mota. Garin yana sama da teku da kusan mita 1,800, ka baro zafin Makka ka tarar da iska mai sanyi, shi ya sa ma da bazara nan ake kawo sukuwar dawakai daga Riyad.

Mai gadin ƙofar bai da mutunci ko kaɗan. Ko sallamata bai amsa ba sai "igama, igama", wato katin izinin zama a ƙasar, na miƙa fasfo ya juya shi gaba da baya yana yatsina fuska, sai da mai wurin ya leƙo da kansa. Shi kuwa dattijo ne Balarabe mai fara'a, gahawa da dabino kafin komai. Dawakan da yake karɓa akasari waɗanda ake hayarsu ne ga 'yan yawon shaƙatawa a Shafa, wani wuri kusa da Ɗa'ifa, da bakin ruwan Jidda, in sun rame ko sun gurgunce a yasar da su, sai kuma na sukuwa da ƙafa ta samu matsala.

Abin mamaki likitan nasu da ya ji muna Hausa sai ya juyo ya ce "Malam daga ina?" Ashe ɗan Sudan ne daga Mai Wurno kusa da Sinnar, kakanninsa cikin waɗanda suka yi gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903 tsakanin Turawa da Sarkin Musulmi Attahiru. Hausarsa irin ta tsofaffi, daɗin ji wallahi.

A gabana aka fito da wata goɗiya fara, haƙarƙarinta duk a waje, tana tauna ciyawa tana zubar da ita dunƙule dunƙule. Ni da ganinta na ce tsutsar ciki ce, haka za a ce a gida a ɗura mata jiƙo da kanwa. Likita ya yi mata allurar kwantar da jiki, ya sa wani ƙarfe ya buɗe bakin ya ce sa hannunka ka ji. Gefen turamen haƙoranta kaifi kamar wuƙa, duk sun yayyanka kumatun ta ciki. Haƙorin doki bai daina fitowa, in bai goge daidai ba haka yake zama, sai ya ɗauko magagari ya dinga gogawa, ƙurar haƙori na tashi, ni ina riƙe da kai hannuna na rawa. Sau ɗaya a shekara ake duba wa kowanne. Na taso cikin masu dawaki a unguwarmu, ana kashe kuɗi a sirdi da jalala da linzami mai ado, ban taɓa ganin wanda ya leƙa bakin dokinsa don wannan ba.

Sauran aikin ba wani abin burgewa, kwashe kashi, wanke komin ruwa, sharce jiki, ƙwaƙule datti daga kofato. Yara samari da 'yan mata 'yan jami'a suke yi ba ko riyal. Kowane doki da katinsa a ƙofar ɗaki: ranar yanke kofato duk sati 6 zuwa 8, rigakafin tetanus da murar dawaki, maganin tsutsa bayan an gwada kashi. Da safe a auna zafin jiki, 37.5 zuwa 38.5 shi ne lafiya, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti. Ba sa zuba abinci a ƙasa saboda yashi yana taruwa a hanji ya kawo ciwon ciki mai kisa, wata yarinya ta nuna min yadda suke jiƙa kashin a leda su rataye, in akwai yashi sai ya kwanta a ƙasa. Kuma wanda aka kawo da yunwa ba a ba shi sha'ir, barsim, wata irin ciyawar dabbobi, kaɗan kaɗan ake fara ba shi, in aka cika masa ciki lokaci guda yana iya mutuwa.

Barsim ɗin nan shi ke cin kuɗin dattijon. Tun 2018 gwamnati ta taƙaita noman ciyawar dabbobi don kar ruwan ƙasa ya ƙare, yawanci daga waje ake shigo da ita, ga harajin kashi 15 a kan kaya. Mu da muke kukan tsadar harawa da dusa gara mu. Kuma a ƙasar da tun 2020 ake sa dala miliyan 20 a sukuwar Saudi Cup, a ce tsoho ɗaya ne ke bin abokai suna haɗa kuɗin ciyawa, ni dai bai min ba.

Da rana aka kawo salig, shinkafa da madara da kaza, ba yaji ko ɗigo, na ci ne don kunya. Mun tsaya kasuwa sayen ruwan wardi, mai shagon ya ji Hausa ya ninka kuɗi, ɗan kawuna ya zuba masa Larabcin Makka nan take ya sauko. Madina a jirgin ƙasan Haramaini muka je, tsaf amma tsada. Jidda kuwa layin awon kaya kawai na gani.