Taron Asabar ɗin ƙarshen wata a kalandar waya

Tun da aka ɗora mini sakatarcin ƙungiyar unguwarmu, na koma dogara da Google Calendar wajen tuna wa mambobi taronmu na Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Manhajar tana ba da damar a saita taro ya riƙa maimaituwa a wannan Asabar, kuma hakan ya fi a ɗaure shi da kwanan wata, domin taron da aka sa a ranar 31 yakan tsallake Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba, balle Fabrairu.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne wurin gyara. Da zarar an sauya lokaci, manhajar takan tambaya ko wannan taron kaɗai za a gyara, ko shi da masu biye masa, ko dukkansu. Lokacin azumi, da muka mayar da zama bayan sallar Tarawihi, na zaɓi na farko, sauran watannin kuwa suka ci gaba a ƙarfe 4 na yamma.

Abin da ya danganci watannin Musulunci da hannu nake shigar da shi duk shekara, tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11.